Firji Lafiya, Mai Firji Lafiya

Daga Baffa zuwa ga Takwarar Gwaggo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu, wadda ta ɓalle daga mulkina ta kafa gwamnatin kanta, umarnin hadari take bi ba nawa ba. Mai ɗakina, Innarki, tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, ko kuwa warin magungunan da kike haɗawa a asibitin nan na nesa ne kaɗai ke riƙe da ke.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta da tabarau, na sake karantawa babu tabarau ko ma'anar za ta yi sauƙi, ba ta yi ba. Kin tambaye ni labarin mahaifinki, taubashina Mai-Agogo, kika kuma roƙe ni kada ya san kin tambaya. Wato in ɗebo miki ruwa a rijiya ba tare da rijiyar ta ji motsin guga ba.

Ga abin da na sani. Tun ranar da Allah Ya karɓi ran mahaifiyarki, kika baro karatunki kika iso bayan an gama komai, ku biyu kuka yi musayar kalmomin da ni da ke tsaye a bakin ƙofa na yi fatan a ce kurma ne ni, ban sake jin kalmar "Uwata" a bakinsa ba. Kin san da ita yake kiran ki, tunda sunan mahaifiyarsa kika ci, Gwaggona ke nan. Yana zaune shi kaɗai da agogunansa. Ba ya fita, ba ya son a shigo. Na je da kaina, na yi sallama har muryata ta dushe, ya buɗe ƙofa gwargwadon faɗin hancinsa, ya dubi agogon hannunsa, ya ce, "Wa ya ba ka lokaci?"

Na ce, "Haba taubashi, zumunci ai ba shi da jadawali."

Ya ce, "Shi ya sa ya lalace." Ya mayar da ƙofa.

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shugabancin tashar jirgin ƙasa, har yau gani yake duniya jirgi ce da ta makara. Amma a kan hanyata ta komawa na yi ta juya maganarsa, sai na ga ashe da bakinsa ya miƙo mini mabuɗin gidansa. Duk abin da ke jadawali, zai buɗe masa.

To, ki sani, bayan na ajiye alli da bulala, yanzu ina riƙe da kujera a wani kamfani mai sayar da firji da na'urar sanyaya ɗaki, yana kuma gyara su. Muƙamina mai tsara ziyarar masu gyara, ko da yake ni a zuciyata Wazirin Lokaci nake kiran kaina. An damƙa mini wata manhaja ta kula da abokan ciniki. Na karanta labarin daulolin da suka tashi da waɗanda suka faɗi, ban taɓa jin sarkin da ya san talakawansa kamar yadda wannan aba ta san namu ba. Kowane mai saye yana da shafinsa: abin da ya saya, ranar da ya kawo kuka, wanda aka tura masa, abin da aka tarar. Akwai allo mai gidaje-gidaje kamar dara, kwanaki a sama, masu gyara a gefe. Sai in ɗauko kukan mutum da ɗan yatsa in ajiye shi a gidan Talata, nan take wayar mai gyara ta yi ƙara a aljihunsa, ko yana ƙarshen gari. In na ɗora masa aiki biyu a sa'a guda, sai gidan ya yi ja, ta tsawata mini cikin ladabi. Innarki ma ba ta kai ta iya hana ni kuskure ba, ta dai fi ta murya.

Ina cikin bincike sai ga shafin mahaifinki. Firjin da kika sa aka kai wa marigayiya kafin ta kwanta, ashe a wurinmu aka saye shi, kuma yana da haƙƙin a riƙa duba shi lokaci-lokaci. Manhajar ta tambaye ni, sau nawa za a maimaita ziyara? Na ce mata duk mako. A gurbin da aka tanada don wanda za a riƙa aika wa rahoto, na rubuta adireshinki na kwamfuta. Saboda haka duk ranar da mai gyara ya fito daga gidan, abin da ya gani zai sauka gabanki tun kafin ya hau babur.

Ni kuwa wasiƙata ta gidan waya za ta ci gaba da zuwa, domin wasiƙar da ba ta sha hatimi ba, gulma ce kawai.

Naki, Baffa, Wazirin Lokaci.

Daga Takwarar Gwaggo zuwa ga Baffa

Wa alaikumus salam, Baffa. Ina fatan gwiwa ta dawo ƙarƙashin mulki. A gaishe da Inna, a ce mata ina ci, har na fara ƙiba a inda ba a so.

Rahoto ya riga wasiƙarka isowa. Na fito daga ɗakin magani na buɗe waya, sai ga saƙo daga kamfanin da ban sani ba, da sunan Baba a sama, a ƙasa kuma an rubuta: "Firji lafiya. Mai firji lafiya." Na zauna a kan matakala ina ta kallon kalmomin nan kamar ban iya karatu ba. Sai da wasiƙarka ta zo na gane aikin waye.

Baffa, anya ba za ka jawo wa kanka magana a wurin aiki ba? Kuma in Baba ya gane, ni zai ƙara ƙullata, ya ce na sa masa ɗan leƙen asiri. Na so in ce ka daina. Na ɗauki alƙalami don in ce ka daina. Ga shi kuwa abin da nake roƙo: mai gyaran nan, ba zai iya ƙara ko kalma kaɗan ba? Baba ya rame? Yana aske gemunsa? Wa ke yi masa wanki?

Lambar Baba tana nan a wayata. Nakan buɗe ta in kalla in rufe. Ranar nan da na ce ya jira ni ko da rabin yini ne in ga fuskar Mama, abin da ya aiko mini shi ne, "An rufe ta." Da na iso na ce masa ya ɗauki Mama tamkar jirgin kaya. Ka ji da kunnenka. Ban san da wace kalma ake fara magana bayan wannan ba.

'Yarka.

Daga Baffa zuwa ga Takwarar Gwaggo

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta aiko da jakada, ana tattaunawa.

Game da ƙorafinki a kan ƙarancin kalmomi, ki sani mai gyaran da na zaɓa ana ce masa Malam Shiru, magidanci ne mai furfura, kuma ba a banza aka ba shi sunan ba. Kalma a wurinsa kamar haƙori ce, sai da zafi take fita. Da gangan na zaɓe shi, domin mai surutu ba zai kai mako biyu a gidan taubashina ba. Na kira shi na yi masa lacca a kan fasahar siffantawa, na ce manyan marubuta sukan cika shafi guda a kan labulen ɗaki kaɗai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Gurbin bayani ƙarami ne, Malam." Amma kin ga ya ɗan saki hannu, tunda na makon jiya ya ce: "Firji lafiya. Mai firji ya aske gemu. A ciki akwai madara, ƙwai, rabin kankana." A ma'aunin Malam Shiru wannan littafi ne mai juzu'i uku.

Yadda aka karɓe shi kuwa, na tatso labarin da ƙyar. Ranar farko manhajar ta aika wa mahaifinki saƙo cewa mai gyara zai iso da ƙarfe goma. Malam Shiru ya ƙwanƙwasa daidai lokacin da agogunan gidan suka fara bugawa. Ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Mahaifinki ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wa ya koya maka zuwa a kan lokaci?"

Malam Shiru ya ce, "Waya."

Ya ce, "To, waya ta fi dangina tarbiyya. Shigo."

Yanzu har kujera yake ajiye masa kusa da firjin. Su zauna, wannan shiru, wancan shiru, firji na gurnani a tsakaninsu, su sha shayi, a rabu ana ganin girman juna.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ziyara biyu a jere Malam Shiru yana tarar da an murɗa maɓallin sanyi zuwa ƙarshe, madara ta zama dutse. Na ce tsufa ne. Malam Shiru ya ce, "Ba tsufa ba ne," ya ƙi ƙarawa. Sa'an nan mahaifinki ya tambaye shi wa ke karanta abin da yake rubutawa a waya. Shi kuwa bai iya ƙarya ba, ƙarya tana bukatar kalmomi da yawa. Ya ce, "Ofis, da wata a nesa." Mahaifinki ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ina tsammanin yana shirya ƙarar da zai kai ni ne, na kuwa fara tanadin jawabin kare kai.

Wani albishir kuma. Manajarmu, wata yarinya tsararki mai kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarancin dariya, ta lura saƙonnin da manhajar ke aika wa jama'a cikin baƙon harshe suke, da yawa ba sa ganewa. Ta ce wa zai mayar da su harshenmu? Na miƙe tsaye, duk da gwiwa. Kowane aiki yana bi ta matakai, na kuwa raɗa wa kowanne suna. Na farko, Sabon Kuka. In an tsara ziyara, An Sa Rana. A nan wani mai gyara ya tambaya ko da lefe za a je, na yi masa kallon da nake yi wa 'yan ajin baya. In mai gyara ya hau babur, Ana Hanya. In ya isa, Ana Kai. In an gama komai, An Rufe. Na kuma yi wani gyara da tarihi zai tuna da ni a kansa. Da, saƙo kan ce aiki mai lamba kaza. Na ce ɗan Adam ba lamba ba ne, na cire gurbin lamba na dasa gurbin sunan mutum. Za a fara aiki da su a ƙarshen wata.

Game da kalmar da ake fara magana da ita, na bincika littattafaina kaf. Duk sun yi ittifaƙi a kan sallama. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, ba a taɓa jin ɗaya ya yi ƙaura daga baki ba.

Naki, Baffa.

Daga Takwarar Gwaggo zuwa ga Baffa

Baffa, ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ka yi haƙuri da gajartar wannan.

Kai da ka karanta littattafan duniya, ba ka karanta rahotannin ofishinka ba? Dubi na baya-bayan nan. "Mai firji ya ce a rubuta yana cin abinci a kan lokaci." Na gaba: "Mai firji ya ce a rubuta an ce ana sanyi a wasu ƙasashe, masu zama can su riƙa rufe ƙirji." Baffa, ba ƙararka yake shiryawa ba. Maɓallin nan ma shi yake murɗawa, don kada a ce firji ya warke a daina zuwa.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. A rahoton jiya Malam Shiru ya lissafa abin da ke ƙofar firjin, ya ce akwai ƙananan kwalabe na allura a cikin kwali. Aikina ke nan, na san maganin da ake ajiyewa a wurin. Baba yana da ciwon suga, har ya kai ga allura, bai gaya wa kowa ba. Kuma sanyi mai yawa yana lalata maganin nan. Don Allah a ce wa Malam Shiru ya gaya masa ya daina murɗa maɓallin, ko firji bai yi komai ba za a zo. Ka yi masa wannan alkawari a madadina. Kada ziyarar nan ta yanke, Baffa. Ita kaɗai ce idona.

Zan kira shi. Ina dai tattara kalmomin.

'Yarka.

Daga Baffa zuwa ga Takwarar Gwaggo

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, sai dai zuciyar Waziri ta ɗan sosu.

Saƙonki ya isa. Malam Shiru ya faɗa wa mahaifinki, shi kuma ya ce a rubuta shi bai taɓa murɗa komai ba, kuma ya daina.

Yanzu ga labari mara daɗi. Ita manhajar nan, kamar kowane bafade, fuska biyu gare ta. Da ɗaya take taya ni tsara ziyara, da ɗaya take kai tsegumi wurin Manaja. Duk ƙarshen wata takan tattara abin da aka yi ta zana shi ginshiƙi-ginshiƙi: wane mai gyara ya fi zirga-zirga, wane aiki ya daɗe a buɗe, wane gida aka fi komawa. Aka haska zanen a bangon ɗakin taro. Ginshiƙan jama'a duk gajeru, kamar yara a layin makaranta. Sai ga guda ɗaya ja wur, ya miƙe har yana neman fasa silin.

Manaja ta ce, "Baba Malam, wannan firjin mutum yake ci?"

Na tashi na fara da tarihin sanyi tun zamanin randa. Ta bar ni na kai tsakiyar tulu, sa'an nan ta sallami kowa ta ce in tsaya. Ganin babu mafita, na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana juya alƙalami. Ta ce ita ma tana da uba, kuma ya fi firji sanyin hali in ya ga dama. Amma akwai masu jego da masu shago da ke jiran mai gyara, ba daidai ba ne a tsare musu gidan Talata saboda firjin da ya fi ta lafiya. Na so in yi gardama, na duba na ga gaskiyarta ta fi tawa tsawo. Ta ba da umarni gobe da hantsi a rufe duk ayyukan da suka daɗe a buɗe, har da namu, a kuma saki saƙonnina sababbi a lokaci guda.

Kada hankalinki ya tashi. Malam Shiru ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ranar hutuna zan riƙa zuwa. Shayinsa da daɗi." Rahoto ne kawai zai yanke, ni zan maye gurbinsa da alƙalamina. Na rubuto ne tun da wuri don kada ki ga saƙon rufewa ki rasa gane kansa. Yanzu zan kai wannan gidan waya da ƙafata.

Naki, Baffa.

Daga Takwarar Gwaggo zuwa ga Baffa

Baffa, ina gaisuwa. Ban san ko in gode maka ba ko in kai ƙararka wurin Inna. Wasiƙarka mai cewa kada hankalina ya tashi yau ta iso, ta sha hatiminta, tana tafe tana rangwaɗa, bayan hankalin ya tashi ya je ya dawo.

Bari in kwafe maka abin da ya same ni ina tsakiyar aiki, ko ka ji yadda fasaharka take a kunnen wanda ke nesa. "Muna sanar da ku cewa an rufe," sai cikakken sunan Baba, "yau da hantsi. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Daga yau babu sauran ziyara. A yi haƙuri, Allah Ya bar zumunci."

Baffa, an rufe. Kalmar da aka aiko mini a kan Mama. Ga kwalaben allura da na kwana ina tunani. Ban san lokacin da tiren magani ya bar hannuna ba. Na kira ka, wayarka a kashe, na san tana cikin aljihun tebur inda kake ɗaure ta don kada ta katse maka tunani. Na kira Inna, ba ta shiga ba. Sai na kira lambar da nake kallo ina rufewa, ina cewa cikin masu zaman makoki wani zai ɗauka ya gaya mini ko ya sha wahala.

Aka ɗauka. Aka ce, "Wa ke kiran mutane a lokacin shan shayi?"

Na ƙanƙame wayar a kunnena.

Ya ce, "Ina jin numfashi. In talla ce, ba na saye."

Na ce, "Baba, ba a rufe ka ba?"

Ya ce, "Wa zai rufe ni ban ga takarda ba?"

Duk kalmomin da na yi wata da watanni ina tattarawa, ko ɗaya ba ta zo ba, sallamar da littattafanka suka yi ittifaƙi a kanta ma ban yi ba. Kuka kawai nake yi a bayan kantar magani, abokiyar aikina tana riƙe da kafaɗata. Da na samu numfashi na karanta masa saƙon. Ya ce, "Wannan rubutun taubashina ne. Shi kaɗai ke iya kashe mutum da ladabi." Na ce masa na zaci na sake makara.

Ta cikin wayar ina jin agogunan ɗakin suna tafiya. Can ya yi gyaran murya ya ce, "An taɓa tayar da wani jirgi ba a jira ki ba. Wannan yana tasha tukuna. In Allah Ya yarda zai jira." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ki tsaya sayen ruwa a hanya, Uwata."

Na nemi hutu, an ba ni. Ranar isowata na rubuta ta a bayan wannan takarda. Ka taimake ni da abu guda: kada ka fassara ta.

'Yarka.

Daga Baffa zuwa ga Takwarar Gwaggo

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mu da dukan waɗanda na rufe.

Domin ki sani ba mahaifinki kaɗai ba ne. A hantsi guda na yi wa garin nan ɓarnar da annoba ba ta yi ba. Kafin azahar waya ta ɗauki zafi. Wani mahauci ya zo da kansa, da wuƙarsa a kugu, don ya nuna mana yana raye. Wata tsohuwa ta aiko a tambaya, tunda an rufe ta, ko za ta iya daina biyan haya. Wani kuma ya ce surukarsa ta ga saƙon ta yi hamdala a gabansa, yana neman kamfani ya ba shi shaida a rubuce. Manaja ta kira ni. Na shiga da shirin ajiye rawanin Waziri, sai na tarar ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Ashe yarinyar nan tana da dariya, ajiye ta take yi don babbar rana. Hukuncina shi ne in bi kowa da waya in ba shi haƙuri, in mayar da gurbin lamba inda na same shi, An Rufe kuma ya koma An Kammala. Innarki ta ce garin gyaran gira na tsone idon gari guda. Ni kuwa na ce masana sun daɗe da sanin cewa wani maganin sai an girgiza kwalba yake aiki. Ba zan ce da gangan na yi ba. Ba zan kuma hana tarihi ya faɗa ba.

Ana cikin haka, bayan wasiƙarki ta iso, sai ga mutum a ƙofar ofis, da sanda, da kwat ɗinsa ta tasha mai maɓallan ƙarfe, an goge ta har tana ɗaukar ido. Mahaifinki, wanda rabonsa da titi tun rasuwar. Ya ce, "Ina wanda ya binne ni?"

Na ce, "Ga ni, taubashi. Yaya ka baro mutanen can?"

Ya ce, "Suna tambayarka. Sun ce ka makara."

Ya ja kujera ya zauna gaban allona, ya ce in nuna masa jadawalin. Ya daɗe yana duban gidajen nan, ya gano mini kurakurai biyu da manhajar kanta ba ta gani ba, ya ce da a tasharsa ne da tuni na haɗa jirage karo. Manaja ta fito ta gaishe shi, ya ce mata firjinsa yana da haƙƙin dubawa sau ɗaya kafin shekara ta fita, yana so a yi masa kafin ranar da kika rubuta, don zai yi baƙuwa kuma ba ya son madara ta ba shi kunya. Ta ce a buɗe masa sabon aiki. Na buɗe. Da muka zo gurbin wanda za a aika wa rahoto, na ce wane suna zan sa? Ya ce, "Kai dai ba ka da kunya. Sunan uwata zan kama a gaban jama'a? Rubuta yadda nake faɗa." Na rubuta.

Malam Shiru ya je jiya, kin dai ga rahotonsa: "Firji lafiya. An cika shi, ƙofa da ƙyar take rufuwa. Mai firji ya share ɗakin baƙuwa sau biyu."

Da yamma na je gidan, a kan lokacin da aka ba ni, don in ji ko in kammala aikin a manhaja kamar yadda doka ta ce. Ya ce in karanto masa matakan nan nawa. Na karanto, tun daga Sabon Kuka. Ya ɗaga sanda ya tsayar da ni a na uku, ya ce nan zan bar shi, kada in kuskura in taɓa sai kin ajiye jakarki a ɗakin.

Saboda haka in wayarki ta yi ƙara kafin wannan ta iso, kuma na san za ta riga ta, ki karanta ba tare da fargaba ba. Sunanki ne a sama, irin wanda shi kaɗai ke kira, a ƙasa kuma kalma biyu: Ana Hanya.

Naki, Baffa, Wazirin Lokaci har yanzu.